Littafin ƙarshe na Achebe: ya rage masa daraja ko ya ƙara?

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda yawancinmu mun kammala There Was a Country, littafin ƙarshe na Chinua Achebe, bari in buɗe maganar da kowa yake kewayewa. Ƙagaggun labarai biyar kacal Chinua Achebe ya rubuta. Huɗu sun fito cikin shekara takwas: Things Fall Apart a 1958, No Longer at Ease a 1960, Arrow of God a 1964, sai A Man of the People a 1966. Aka yi shekara 21 kafin Anthills of the Savannah ya fito a 1987. Daga nan har ya rasu a Boston ranar 21 ga Maris 2013 bai ƙara fitar da wani ba, sai muƙalu da kuma wannan tarihin yaƙin Biyafara na 2012.

Abin da ya dame ni shi ne wannan. A Arrow of God babu wanda Achebe ya hana baki. Ezeulu, babban limamin gargajiya na Umuaro, yana da gaskiyarsa, amma girman kansa ne ya sa ya ƙi sanar da bikin sabuwar doya har yunwa ta kama mutanensa. Abokan hamayyarsa a Umuaro suna da tasu hujjar. Har Winterbottom, Baturen mulkin mallaka, an bar mu mun ji yadda yake tunani. A littafin 2012 kuwa na yi ta neman wannan adalcin ban same shi ba. Me kuke gani? Ya taɓa masa suna ko kuwa?

Nura:
Wa alaikumus salam Malam. Ya taɓa, ƙwarai ma. Ni inda na kusa ajiye littafin shi ne inda yake bayanin dalilin da ya sa Ibo suka yi gaba a boko da aikin gwamnati. Ya ce su addini mai ɗari-ɗari bai daure su ba kamar Hausa-Fulani, sarautar gargajiya ba ta daure su ba kamar Yarabawa. Miliyoyin mutane aka naɗe cikin jimla ɗaya. Mutumin da ya tsaya a Jami'ar Massachusetts a 1975 ya ce marubuci Joseph Conrad ya mayar da 'yan Afirka kayan ado marasa baki a littafinsa Heart of Darkness, shi ne kuma ya yi mana haka.

Hajiya Rabi:
Nura, ka sani dai wannan jimlar ba a 2012 aka haife ta ba. Tana nan cikin The Trouble with Nigeria tun 1983, ɗauko ta ya yi ya maimaita. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ce tsufa ne ko ciwo suka jawo. Ra'ayinsa ne tun yana da ƙarfinsa.

Nura:
To ai Hajiya kin ƙara min hujja ne.

Hajiya Rabi:
Na ƙara maka rabi. Ɗaya rabin kuma ka karanta ɗan littafin nan na 1983 har ƙarshe. A cikinsa ne ya ɗaga Malam Aminu Kano sama da duk manyan 'yan siyasar zamaninsa, ya ajiye shi kusa da Gandhi. Ba yabon baki kaɗai ba ne, jam'iyyar PRP ya shiga har ya riƙe muƙami a matakin ƙasa, alhali Azikiwe yana nan da NPP da yawancin mutanen yankinsa suka bi. Kuma littafin da misalin Murtala ya fara, yadda ma'aikatan gwamnati a Legas suka fara isa ofis da sassafe da hawansa mulki a 1975. Mai ƙin mutanen Arewa ba zai yi haka ba. Abin da zan yarda da shi shi ne yana da wani hoto namu a kansa da bai taɓa zama ya gyara ba.

Malam Haruna:
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren tarihi, don nan ne matsalar take. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. An kashe Sardauna a gidansa tare da uwargidansa Hafsatu. An kashe Firaminista Tafawa Balewa, da Akintola Firimiyan Yamma, da Okotie-Eboh ministan kuɗi. A cikin soja an kashe Birgediya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Largema, Laftanar Kanar Pam, wato kusan dukkan manyan hafsoshin Arewa a dare ɗaya. An kashe Ademulegun da Shodeinde daga Yamma. Babban hafsan Ibo da ya mutu shi ne Unegbe. Firimiyan Gabas da na Tsakiyar Yamma ba a taɓa su ba.

Yaya Achebe ya yi da wannan? Ya ƙi yarda a kira shi juyin mulkin Ibo, ya kawo hujjar cewa Nzeogwu, ɗaya daga cikin jagororin juyin mulkin, a Kaduna ya tashi, Hausa yake ji kamar jakin Kano, Ibo ne a suna kawai. Wannan hujja ce, ana iya tattauna ta, kuma akwai masana da suke ganin manufar yaran ba ta ƙabilanci ba ce. Amma marubucin da ya iya shiga zuciyar Okonkwo na Things Fall Apart, ya shiga ta Nwoye ɗansa da ya guje masa, bai tsaya ya tambayi kansa yadda mutumin Arewa ya ji da safiyar ranar nan ba. Bai ba wannan baƙin cikin ko shafi ɗaya na kirki ba. In ba ka fahimci wannan ba, abin da ya biyo baya zai zamar maka mugunta ce kawai da ta faɗo daga sama.

Baba Garba:
Malam Haruna, na ji ka, kuma sunayen da ka lissafa duk gaskiya ne. Amma ni da wayona a 1966. Ina so yaran da ke zauren nan su ji daga bakina. Abin da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a watan Mayu, da kuma Satumba zuwa Oktoba na shekarar, abu ne da babu addinin da ya halatta shi. Masu shago ne, teloli, ma'aikatan jirgin ƙasa, mata da yara. Ba su ne suka shiga gidan Sardauna ba. Akwai maƙwabcinmu da mahaifina ya ɓoye a ɗakin hatsi har aka samu hanyar kai shi tasha, kuma gidaje da yawa sun yi irin haka, amma da yawa ba su tsira ba. Achebe ya ce mutum dubu 30 aka kashe. Wasu suna kawo ƙasa da haka. Ko nawa ne, ran mutum ne.

Saboda haka da na karanta littafin ban ji haushi ba, kunya na ji a wasu shafukan. Mutumin nan ya gudo daga Legas da iyalinsa saboda sojoji suna nemansa, wai don A Man of the People ya ƙare da juyin mulki, lallai ya san da shirin. An jefa wa gidansa bom a Enugu. Amininsa Christopher Okigbo, wanda suka buɗe maɗaba'a tare, ya mutu a fagen daga a 1967. Ya ga yaran da kwashiyoko ya kumbura wa ciki da idonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba zan ce masa ya zo ya yi mana kukanmu ba alhali mu ba mu taɓa yi masa nasa ba.

Malam Haruna:
Allah ya ƙara girma Baba. Ban musa ko ɗaya ba, kuma Allah ya saka wa mahaifinka. Kisan Asaba ma na Oktoban 1967 da ya kawo, wanda dakarun runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala suka aikata, bai kamata wani a cikinmu ya ɓoye shi ba. Abin da nake cewa, da shaida kawai ya bayar, ya ce ga abin da na gani, da babu mai ja. Amma ya wuce nan, ya hau kujerar alƙali. Ya yanke wa Awolowo hukuncin cewa kwaɗayin mulki ne ya sa shi goyon bayan toshe wa Biyafara hanyar abinci, don ya rage yawan abokan hamayyarsa. Wannan karanta zuciyar mutum ne, kuma mutumin ya rasu tun 1987, ba zai iya ba da amsa ba. Ojukwu kuwa, shugaban Biyafara, wanda ya yi ta jayayya kan hanyar da kayan agaji za su bi yayin da yara suke mutuwa, ya sha da sauƙi. Kar mu manta Achebe ba ɗan kallo ba ne. Jakadan Biyafara ne a ƙasashen waje, kuma yana cikin kwamitin da ya tsara sanarwar Ahiara ta 1969, wadda ta bayyana manufofin Biyafara.

Asma'u:
Ai ya rubuta a bangon littafin cewa tarihi ne na ƙashin kansa. Bai yaudari kowa ba.

Malam Sabi'u:
Haka ne Asma'u, amma ki duba cikin. Kashin farko, inda yake ba da labarin Ogidi, da iyayensa, da makarantar Umuahia, da Ibadan, da aikin rediyo, nan ne muryarsa take, kuma nan ne daɗin littafin. Da aka shiga yaƙin sai mutumin ya ja da baya. Sai rahotannin jaridun waje, da abin da wane ya ce a littafinsa, da jerin manazarta. Inda na fi buƙatar in ji abin da ya gani da abin da ya ji a ransa, sai ya miƙo min takardun wasu. Waƙoƙin da ya sassaka a tsakani, waɗanda ya rubuta tun lokacin yaƙin, sun fi dogon bayanin ƙarfi nesa ba kusa ba. Waƙar uwar nan da take taje wa ɗanta da ke bakin mutuwa gashi a sansanin gudun hijira ta fi min babi goma.

Soyinka ma bayan rasuwar ya faɗa a wata hira cewa ya so a ce ba a rubuta littafin a yadda aka rubuta shi ba. Chimamanda kuwa, wadda kowa ya san irin girman da take ba shi, ta nuna akwai wuraren da ba ta yarda da shi ba, amma ta kare haƙƙinsa na tuna abin yadda ya same shi.

Zainab:
Don Allah iyayena ku ba ni dama. Muna ta magana kamar There Was a Country ne kaɗai aikinsa na ƙarshe. Tambayar Malam a kan marubucin ƙagaggen labari ce, to ƙagaggen labarinsa na ƙarshe Anthills ne, kuma ni a wurina nan ne ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.

Ku tuna matan littattafan farko. Matan Okonkwo suna kawo abinci, ana dukansu, suna shiru. Ekwefi da Ezinma ne kawai suka ɗan samu fili. An yi ta yi masa ƙorafi a kan haka shekara da shekaru. A Anthills sai ga Beatrice, babbar ma'aikaciya a ma'aikatar kuɗi, tana ba da labari da bakinta, tana gaya wa Ikem a fuskarsa cewa duk juyin juya halin da yake wa'azi bai tanadar wa mata gurbi ba. Mazan nan uku da suka yi makaranta tare, Sam da ya zama shugaban soja, Chris kwamishinan yaɗa labarai, Ikem editan jarida, duka sun mutu. Su wa suka rage? Beatrice da Elewa, yarinyar da ba ta yi boko mai zurfi ba, da jaririyar da ta haifa wa Ikem. Kuma Beatrice ce ta raɗa wa jaririyar suna, sunan maza ma, ba ta jira dattijo ya iso ba. Marubucin da ya haura hamsin, duniya ta gama yi masa tafi, ya saurari masu sukarsa ya sake hanya. Mutum nawa ne suke iya wannan?

Nura:
Yaya Zainab, na karanta Anthills kuma ban ƙi shi ba. Amma ginin littafin yana da rauni. Yau Chris ke magana, gobe Ikem, jibi Beatrice, can kuma wani mai ba da labari daban. Sannan Ikem ya cika lacca. Jawabinsa a jami'a muƙala ce aka sa wa riga.

Zainab:
Sauyin muryar da gangan ne. Littafi ne a kan ƙasar da mutum ɗaya ya ƙwace baki, to ta yaya za a ba da labarinta da baki ɗaya? Laccar kuwa na yarda ta yi tsawo, amma ka duba wa ya caccaka a ciki. Ba gwamnati kaɗai ba, har ɗalibai da shugabannin ƙwadago da suka zo suna jiran ya yabe su. Shi ne adalcin da Malam Sabi'u yake cewa ya ɓace a 2012. A 1987 yana nan da ransa.

Kuma ku duba Abazon na cikin littafin. Lardi ne da fari ya cinye, ya ƙi goyon bayan Sam ya zama shugaba na har abada, sai aka dakatar da haƙa musu rijiyoyin burtsatse. Wakilansu suka taho babban birni roƙo, aka kulle su. An rubuta wannan ne zamanin Babangida, kafin Abacha ya zo ya yi abin da ya fi na littafin. An rataye Ken Saro-Wiwa a 1995, shekara takwas bayan an kashe Ikem a takarda. Littafin ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Booker a shekarar da ya fito, Penelope Lively ce ta ɗauka.

Hajiya Rabi:
Zainab ta taɓo abin da nake so in faɗa. Tsakanin littattafan nan biyu akwai 1990. Hatsarin mota a hanyar Legas, ƙafafunsa suka shanye, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Daga asibiti a Ingila ya wuce Amurka, ya koyar a Kwalejin Bard kusan shekara 19, sannan Jami'ar Brown daga 2009. Zuwansa gida sai jefi-jefi. Wanda ya rubuta Anthills yana zaune cikin ƙasar, yana jin hirar direbobin tasi da 'yan kasuwa, shi ya sa mutanen littafin suke da rai. Wanda ya rubuta na 2012 ya yi shekara 22 a waje. Ƙasar da yake ɗauke da ita a kansa ta tsaya a 1970 da fam 20 ɗin da aka ba mutanen Gabas komai yawan abin da suka bari a banki. Ban ce wannan uzuri ba ne. Amma yana bayyana min dalilin da ya sa littafin yake kamar an rufe tagoginsa.

Malam Haruna:
Hajiya, nisan bai hana shi ganin abin da ke faruwa ba lokacin da ya ga dama. Ya ƙi karɓar lambar girma ta CFR a 2004 zamanin Obasanjo, saboda abin da ake yi a jiharsa ta Anambra, ya sake ƙi a 2011 zamanin Jonathan. Wannan kam na jinjina masa, don ba kowa ke mayar da irin wannan kyautar ba, ballantana sau biyu.

Asma'u:
Ni maganar gadon da ya bari nake so mu koma. Ko da bai rubuta komai ba bayan 1966, aikin da ya yi a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann ya isa. Shekara goma, daga 1962 zuwa 1972, yana tace rubutun wasu. Ta nan littafin Ngugi na farko ya fito a 1964, da Efuru na Flora Nwapa a 1966. Shi ya jagoranci kafa ƙungiyar marubuta ta ANA a 1981. An fassara Things Fall Apart zuwa harsuna sama da 50. Littafi ɗaya da aka yi saɓani a kansa ba zai rushe wannan ba.

Nura:
Ba zai rushe ba, amma a daina ce masa uban adabin Afirka. Kafin 1958 an yi rubutu. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar sun fito daga gasar 1933, Fagunwa ya fitar da nasa da Yarabanci a 1938. Kuma ku lura, wanda ya rubuta Shaihu Umar shi ne Firaministan da aka kashe a Janairun 1966. Marubuci ne ɗan'uwansa. Na so a ce na ga Achebe ya tsaya a kan wannan gawar ya yi jimami irin wanda ya yi wa Okigbo.

Malam Sabi'u:
Shi da kansa bai yarda da laƙabin ba, ya sha cewa aikin mutane da yawa ne. Amma maganarka ta biyu ta shige ni Nura, ba ni da amsarta.

Baba Garba:
Ni ina da tambaya gare ka Nura, ba amsa ba. Ibo sun rubuta yaƙin nan ta kowace fuska: hafsoshinsu sun rubuta, mata sun rubuta, waɗanda aka haifa bayan yaƙin ma sun rubuta. Mu dubban samarinmu sun tafi fagen daga, da yawa ba su dawo ba, waɗanda suka dawo mun gan su da sanduna da hannu ɗaya. Littafi nawa ka karanta da ya ba da labarin sojan Arewa na ƙasa, ba janar ba, ko na matar da aka kawo wa kayan mijinta a akwati? Tsofaffin suna ta tafiya. Ku masu alƙalami kuna nan kuna jiran Achebe ya rubuta muku.

Nura:
Na karɓi wannan Baba, kuma nauyi ne a kanmu. Amma rashin rubutunmu bai wanke shi ba. Shi ne ya koya wa duniya cewa ba a ba da labarin mutane a bayan idonsu. Da ma'aunin da ya ƙera nake auna shi, kuma a littafin ƙarshe bai cika ba.

Zainab:
A littafin ƙarshe bai cika ba, na yarda. A Anthills ya cika. Malam Sabi'u, ina roƙon a sa shi ya zama karatunmu na gaba, don na lura rabin zauren ba su karanta shi ba.

Malam Sabi'u:
An amince. A fara daga farko zuwa inda dattijon Abazon ya gama jawabinsa, mu haɗu ranar Asabar bayan Isha'i. Malam Haruna, kai za ka buɗe mana da bayanin yadda mulkin soja yake a tsakiyar shekarun 1980, don ƙananan cikinmu su san ƙasar da aka rubuta littafin a cikinta.

Malam Haruna:
To Malam, Allah ya kai mu. Amma ina neman a sake ware wata rana ta daban a kan maganar Awolowo da toshe hanyar abinci, don ba mu yi mata adalci ba yau.